Baƙo Raɓa Ne: Me Masu Aikin Sa-kai Za Su Bar Mana Idan Sun Tafi?

 Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa takan sauka da asuba ta jiƙa ganye, amma kafin hantsi ya dubi ludayi ta bushe, kaba kuwa tana nan rani da damina. Wannan karin magana shi ne ya fi dacewa da batun da nake so mu tattauna a wannan wata, wato batun mutanen da ke barin garuruwansu, wani lokaci ma ƙasashensu, su yi doguwar tafiya don taimakon makarantun karkara da ƙauyukan talakawa.

A nan yankinmu na masarautar Gumel, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, daga Gumel zuwa Maigatari, ba baƙon abu ba ne a wayi gari a ga farar mota a ƙofar gidan dagaci ko a harabar firamare. Wasu ma'aikatan ƙungiyoyin ƙasashen waje ne, wasu ɗalibai ne daga manyan birane, wasu 'yan ƙasarmu ne mazauna Turai ko ƙasashen Larabawa da suka zo hutu, wasu kuma matasa ne masu raba kayan abinci suna ɗauka da waya. Haka abin yake a tsallaken iyaka, a ƙauyukan jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Duk wanda ya zo da alheri muna yi masa maraba, domin baƙonka Annabinka. To amma yaran da ake zuwa dominsu namu ne, mu muka haife su, kuma mu za a bari da su idan motar ta juya. Saboda haka ya zama wajibi uwa ta san yadda ake bambance taimakon da ke zama da wanda ke bushewa kamar raɓa.

Daga ina abin ya samo asali?

A tsarinsa na zamani, aikin sa-kai a ƙasashen waje ya bunƙasa ne a daidai lokacin da ƙasashen Afirka ke karɓar 'yancin kai. A shekarar 1958 wani Bature ɗan Ingila mai suna Alec Dickson, wanda ya taɓa aiki a Afirka ta Yamma, da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar VSO. Da farko samarin da suka gama sakandare take turowa, daga baya ta koma turo ƙwararru, irin su malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, waɗanda kan zauna har shekara biyu. A shekarar 1961 kuma shugaban Amurka John Kennedy ya kafa Peace Corps, wadda ta turo matasan Amurkawa su koyar a makarantun Nijeriya, har da na Arewa. Da yawa cikin iyayenmu da kakanninmu da suka yi sakandare a wancan zamani sun yi karatu a hannun irin waɗannan malamai, wasu ma har yanzu suna ambatonsu da alheri.

Sai dai tun a farkon tafiyar aka ga inda matsala kan ɓullo. A watan Oktoba na 1961 wata budurwa Ba'amurkiya da ke cikin rukunin farko, tana karɓar horo a Jami'ar Ibadan, ta rubuta wa wani abokinta katin gaisuwa tana bayyana irin ƙazanta da koma-bayan da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗalibai kafin ya bar ƙasar, suka kwafe shi suka baza, aka yi zanga-zanga, ala tilas ta bar Nijeriya. Wataƙila ba ta yi nufin cin mutunci ba. Amma darasin yana nan har yau: wanda ka zo taimako yana da mutunci, kuma yana jin abin da kake faɗa a kansa idan ka juya baya.

Daga baya, musamman daga shekarun 1990 zuwa gaba, sai abin ya zama kasuwanci. Kamfanoni suka riƙa sayar wa matasan Turai da Amurka tafiyar mako biyu ko uku zuwa Ghana, Kenya, Tanzaniya, Nepal ko Kambodiya. Matashi zai biya kuɗi masu yawa, a kai shi ya koyar a firamare na 'yan kwanaki, ko ya yi wa aji fenti, ko ya yi wasa da yara a gidan marayu, daga nan a zarce da shi kallon namun daji. Abin ya yi ƙamari har a shekarar 2007 ita kanta VSO ta fito ta gargaɗi matasan Ingila cewa da yawa cikin irin waɗannan tafiye-tafiye kamfanonin suke amfana, ba ƙauyukan ba.

Inda gizo ke saƙar

'Yar'uwa, kada ki ɗauka ina zargin zukatan waɗannan matasa ne. Mafi yawansu tausayi ne ya taso da su. Amma kyakkyawar niyya ba ta isa ba idan tsarin ya karkace, kuma ga wurare huɗu da ya fi karkacewa.

Na farko shi ne lokaci. Duk wadda ta taɓa riƙe alli ta san cewa makon farko a aji yakan ƙare ne wajen sanin sunayen yara da halayensu: wane ne mai kunya, wace ce ba ta ji sosai, wane ne ke zuwa bai karya ba. Mu da muka yi kwalejin horon malamai sai da muka shafe shekara uku, aka tura mu gwajin koyarwa na watanni, malamanmu na bin mu suna duba mu, kafin a ce mun cancanci a damƙa mana aji. To yaya wanda bai taɓa koyarwa ba, ba ya jin Hausa, zai koya wa yaron aji biyu karatu cikin kwana goma? Abin da ke faruwa shi ne malamin ajin yakan koma gefe, a ajiye manhaja, a yi ta waƙoƙi da tafi. Baƙo ya tafi, wani ya zo ya sake farawa daga A, B, C.

Na biyu shi ne kuɗi. A shekarar 2025 kuɗin jirgi kaɗai na zuwa da komawa tsakanin Landan da Kano yakan haura naira miliyan ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashi da dokar 2024 ta tsayar naira 70,000 ne a wata. Wato kuɗin kujerar mutum ɗaya zai iya riƙe malamar sa-kai 'yar gari fiye da shekara guda. Haka nan idan baƙi sun zo sun yi gini ko fenti da hannunsu, magininmu da mai fentinmu, waɗanda suka fi su iya aikin, sun rasa abin da za su kai gida ke nan.

Na uku shi ne rashin tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau da yawa a can nesa ake yanke shawarar abin da ƙauye ke bukata. Na san wata makaranta da aka kawo wa kwalaye na littattafan Turanci masu kyawun hoto, labaran ƙanƙara da jiragen ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, alhali babbar damuwar iyaye mata a wurin ita ce babu banɗaki na 'yan mata, don haka da yarinya ta fara girma sai ta daina zuwa. Littattafan suna nan a ofishin hedimasta gara na ci. Haka kuma za ki ga famfon tuƙa-tuƙa da aka kafa da biki da allon suna, bayan shekara ɗaya ya tsaya saboda ɗan ƙaramin ƙarfe, domin ba a koya wa kowa gyaransa ba, ba a kuma tsara wanda zai riƙa tara kuɗin gyara ba.

Na huɗu shi ne hoto. Wannan kuwa ya shafi baƙin waje da na gida baki ɗaya. A yau za ki ga an jera yara da kwanoni a hannu, ko an sa tsohuwa ta ɗaga buhun shinkafa tana godiya, ana ɗauka ana zubawa a Facebook da TikTok. Da wannan hoton ake neman wasu kuɗin, kuma hoton ba ya gogewa. Yarinyar da aka ɗauka cikin tsumma tana shekara bakwai, wata rana budurwa ce, wata rana matar wani ce kuma uwar wasu. Ubangiji Maɗaukakin Sarki ya gargaɗe mu a cikin Suratul Baƙara da kada mu ɓata sadakarmu da gori da cutarwa, kuma Manzon Allah (SAW) ya lissafa mai ɓoye sadakarsa cikin mutum bakwai da za su samu inuwa ranar da babu wata inuwa. Idan ana bukatar shaida don masu ba da kuɗi, ai ana iya ɗaukar hoton rijiyar ko ajin, ba dole sai fuskar mabukaci ba.

Darasin garin Abeche

Akwai abin da ya fi duk waɗannan haɗari, kuma a maƙwabtanmu ya faru. A ranar 25 ga Oktoba 2007 hukumomin ƙasar Chadi suka kama wasu Faransawa 'yan wata ƙungiya mai suna Arche de Zoé a garin Abeche, suna shirin sa yara 103 a jirgi zuwa Faransa. Sun shaida wa iyalan da ke jiran yaran a can cewa marayu ne daga yankin Darfur na Sudan da yaƙi ya ɗaiɗaita. Da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Red Cross suka bincika, sai aka tarar mafi yawan yaran 'yan ƙauyukan Chadi ne na bakin iyaka, kuma suna da uwa ko uba ko wani babba da ke riƙe da su. Iyaye da yawa sun ba da 'ya'yansu ne saboda an ce musu makaranta za a sa su a cikin ƙasar. A watan Disamba na wannan shekara kotun Chadi ta yanke wa mutum shida ɗaurin shekara takwas da aiki mai tsanani, aka mayar da su Faransa, sannan shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa a watan Maris na 2008.

Ki lura da ƙofar da aka shiga: son da iyaye ke yi 'ya'yansu su yi karatu. Ba sakaci ba ne ya sa suka miƙa yaran, talauci ne da buri.

A Kambodiya kuwa wani salon aka gani. Wani rahoto da gwamnatin ƙasar da UNICEF suka fitar a 2011 ya nuna cewa gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin 100 tsakanin 2005 da 2010, kuma kusan uku cikin kowane yara huɗu da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Dalili shi ne baƙi masu yawon buɗe ido suna son ziyartar marayu suna ba da kuɗi, sai wasu suka mayar da buɗe gidan marayu sana'a, suna bi ƙauye-ƙauye suna karɓo yara da alkawarin karatu. Wannan ya sa a 2018 ƙasar Ostireliya ta zama ta farko da ta ɗauki irin wannan safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin nau'in bautar zamani. Masana tarbiyya kuma sun daɗe suna faɗin abin da kowace uwa ta sani: yaron da kullum ake kawo masa sabuwar fuska ta rungume shi mako biyu ta ɓace, zuciyarsa takan gaji da shaƙuwa. Maraya ya fi samun nutsuwa a ɗakin gwaggonsa ko kakarsa, idan aka tallafa musu da abin riƙonsa.

Waɗanda suka zo suka bar alheri

Kada wannan ya sa mu rufe ƙofa. Akwai baƙin da suka zo suka zama kaba, kuma idan muka dube su za mu ga abin da ya haɗa su.

A nan Jigawa, tun shekarar 2008 ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari-na-kowa, wato MSF, take aiki tare da ma'aikatar lafiya ta jiha a Babban Asibitin Jahun, a ɓangaren haihuwa da jinyar jarirai da gyaran masu yoyon fitsari. Mata daga sassan jihar nan da wajenta sun amfana. Likitocin da ke zuwa daga ƙasashen waje ƙwararru ne, a cikin asibitin gwamnati suke aikin, kuma mafi yawan ma'aikatan 'yan ƙasa ne. Wani likitan ya tafi wani ya zo, amma ungozomar da ta ƙware tana nan.

Ga kuma marigayiya Hajiya Aisha Lemu. Baturiyar Ingila ce da ta musulunta a 1961, ta zo Kano a 1966 ta koyar a Makarantar Nazarin Larabci, daga baya ta shugabanci kwalejin 'yan mata a Sakkwato. Ita ce Amira ta farko ta ƙungiyar FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, kuma littattafan addini da ta rubuta wa ɗalibai sun shiga makarantu da yawa. A Minna Allah ya yi mata rasuwa a watan Janairu na 2019, bayan fiye da shekara hamsin a cikinmu.

Sai Dokta Abdurrahman As-Sumaiɗ, likita ɗan ƙasar Kuwait, wanda tafiyarsa zuwa Malawi ta zama silar kafa ƙungiyar da a yau ake kira Direct Aid. Ya shafe kusan shekara talatin yana zagaya ƙauyukan Afirka tare da iyalinsa, ana haƙa rijiyoyi ana gina makarantu, yana mai da hankali ga ilmantar da 'ya'yan wurin har su zama malamai da likitocin kansu. Ya rasu a 2013.

Abu uku ne ya haɗa su: sun zo da sana'ar da ake bukata, sun daɗe, kuma sun yi aiki da 'yan gari har 'yan garin suka iya. Da ma an ce da ɗan gari akan ci gari.

Mu ma muna da namu tarihin

Tafiya don karantar da mutanen wani gari ba daga Turawa muka fara jin ta ba. Kafin Hijira, Manzon Allah (SAW) ya tura Mus'ab ɗan Umair (RA) Madina ya koya wa mutane Alƙur'ani. Ya tafi ne bisa bukatar mutanen garin, ya sauka a gidan ɗan gari, As'ad ɗan Zurara, wanda ya riƙa shiga da shi unguwa-unguwa, kuma ya zauna watanni masu yawa har shugabannin ƙabilu irin su Sa'ad ɗan Mu'az suka karɓi saƙon suka ci gaba da yaɗa shi.

A ƙasar Hausa kuwa muna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Da ta ga matan karkara ba sa iya zuwa makaranta, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. A kowane yanki akan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana a naɗa ta jaji, a ba ta malfa ta zama alamar muƙaminta. Jaji kan jagoranci tsofaffi da ƙananan 'yan mata su yi tattaki zuwa wurin Nana, su haddace darussa, su koma ƙauyukansu su koya wa matan aure a cikin gidajensu. Ki duba hikimar: malamar 'yar ƙauyen ce, da harshensu take magana, kuma ba ta da ranar tafiya. Shi ya sa tsarin ya rayu bayan rasuwar Nana, 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da shi.

Ita ma Nijeriya tana tura nata 'ya'yan. A 1987, zamanin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, aka kafa shirin tura ƙwararru na sa-kai da ake kira TAC, wanda ke aika malamai da likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da tsibiran Karebiyan da na Pasifik su yi shekara biyu, bisa bukatar da ƙasashen suka gabatar. A cikin gida kuma tun 1973 muke karɓar masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda a wasu makarantun karkara su ne ke riƙe da darussan lissafi da kimiyya.

Tambayoyin da uwa za ta yi

Uwargida, idan baƙi sun zo garinku da sunan taimakon makaranta, kina da haƙƙin tambaya. Kowace firamare ta gwamnati ya kamata a ce tana da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda ake kira SBMC, kuma tsarinsa ya tanadi kujerun mata. Idan ba kya iya halarta, ki aika da tambayarki ta bakin maigida, ko wakiliyar mata, ko malamar Islamiyyarku. Ga abin da ya kamata a sani:

Wa ya gayyato su, kuma da izinin wa suka zo? Shin dagaci da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma sun san da zuwansu? Mai gaskiya ba ya jin haushin a tambaye shi takarda.

Me suka iya, kuma har yaushe za su zauna? Idan kwana kaɗan ne, gara su zauna da malamai su ƙara musu wata dabara da su karɓe aji.

Wa ya zaɓi aikin? Idan ba a tambayi mata ba, a tambaye su, domin su suka san dalilin da ya sa yarinya ke fashin makaranta ranar kasuwa, ko lokacin tsinkar zoɓo da yankan riɗi.

Wa zai riƙe abin bayan tafiyarsu? Kafin a kafa famfo ko a ɗora sola, a san mai gyara, a san inda ake sayen kayan gyara, a san asusun da za a riƙa zubawa.

Ina hotunan za su je? Kina da ikon cewa kada a ɗauki 'yarki, kuma ƙin yarda bai kamata ya hana ta rabonta ba.

Sai kuma ƙa'ida guda wadda babu sassauci a cikinta: kada a bar baƙo, namiji ko mace, ɗan ƙasa ko na waje, ya keɓe da yaro ba tare da malami ko wani babba na gari ba. Kuma kada a miƙa yaro ga wanda ya ce zai tafi da shi karatu wani wuri sai hukuma ta sani, an ga makarantar da ido, an san hanyar ziyara. Jihar Jigawa tana da dokar kare yara tun watan Disamba na 2021, kuma ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma wurin kai irin wannan magana ne.

Idan ɗanki ko 'yarki ke son tafiya

Yanzu 'ya'yanmu ma suna ganin tallan irin waɗannan tafiye-tafiye a wayoyinsu, wasu na gaske, wasu na 'yan damfara da ke karɓar kuɗin fom da biza su ɓace. Idan ɗanki ya zo miki da wannan buri, kada ki kashe masa gwiwa, domin zuciyar da ke son taimako ni'ima ce. Ki zaunar da shi ki tambaye shi abin da zai kai musu wanda ba su da shi. Idan bai da amsa, to ya fara kammala karatunsa ya ƙware, domin malamin lissafi ko ma'aikaciyar jinya da ta san aikinta ta fi amfani da taron masu kyakkyawar niyya. A binciki ƙungiyar, a san wanda zai karɓe shi, a ji daga bakin waɗanda suka je suka dawo. Idan 'ya mace ce, a ƙara da maganar muharrami da masauki, a nemi shawarar malamai.

Sannan ki tuna masa cewa ba sai ya hau jirgi ba. A shekarar 2024 UNICEF ta ce yaran Nijeriya da ba sa zuwa makaranta sun haura miliyan 18, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Daga Gagarawa Tasha zuwa Medu ko Madaka ko Zarada ba ya bukatar fasfo. Ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Gumel da ta zo hutu, idan ta tara yaran unguwa goma a zaure kullum bayan la'asar tana koya musu haɗa baƙi, kuma ta dawo hutu na gaba ta ɗora daga inda ta tsaya, ta yi abin da baƙon mako biyu ba zai iya ba. Wanda ke da hali a birni ko a ƙasar waje kuma, ya ɗauki nauyin alawus ɗin irin wannan yarinya wata-wata. An ruwaito daga Uwar Muminai A'isha (RA) cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Guntun gatarinka

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta zama ta gaggawa. A shekarar 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, ita ma Ingila ta sanar da rage kuɗin da take warewa don taimakon ƙasashen waje. Ma'ana, fararen motocin da muka saba gani za su iya raguwa. Garin da ya saba jira sai an zo an yi masa zai sha wuya, wanda kuwa ya yi amfani da zuwan baƙi ya horar da 'ya'yansa zai ci gaba da tafiya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu karɓi baƙo hannu biyu, mu ba shi ruwa da shimfiɗa kamar yadda addini da al'ada suka koya mana, mu gode masa a kan abin da ya kawo. Amma kafin ya buɗe jakarsa mu gaya masa abin da ke damunmu, mu haɗa shi da 'yarmu ko ɗanmu da zai koyi aikin a hannunsa, mu kuma tsare mutuncin yaranmu. A ƙungiyoyinmu na adashi da azuzuwanmu na Islamiyya mu ware wani abu, ko naira ɗari-ɗari ce a mako, don alli da tabarma da gyaran famfon makarantar unguwa, mu kuma sa ɗaya daga cikinmu ta riƙa leƙa makarantar tana kawo mana labari.

Allah ya saka wa duk mai taimako da alheri, ya tsarkake niyyarmu da tasu, ya raya mana zuriya bisa ilimi mai amfani, ya sa mu zama masu bayarwa. Amin summa amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu.